Tambayar da Ba Ta Shiga Tef Ba

Surukina bai taɓa cewa "ta" ba a rayuwarsa. Mace da namiji, akuya da bunsuru, rana da wata, duk "ya" ne a bakinsa. In yana maganar 'yarsa da nake aure sai ya ce, "Ya tafi kasuwa, bai dawo ba." Bazabarme ne, an haife shi can hayin kogi a ƙasar da Faransawa ke mulki. Ya biyo fatake yana saurayi, ya koyi Hausa a kan hanya tsakanin jakuna da buhunan goro, ya zauna a Tamale bai sake komawa ba. A unguwarmu ta Aboabo babu wanda ya damu da wannan, domin rabin unguwar haka suke magana. Dagomba da Mosi da Zabarmawa kowa ya ɗauki Hausa ya sauke mata kayan da suka yi masa nauyi. Ni ne kaɗai kunnena ke kamawa, saboda mahaifina Bakatsine ne, kuma da ranƙwashi ya cusa mini "ta" tun ina ƙarami.

Na yi yawo bayan haka. Na ji harsunan da ke raba mace da namiji har a kan tebur da kujera, na ji waɗanda ba ruwansu da wannan rabo ko a kan uwa da uba. Ban taɓa ganin inda abin ya kusa raba mutum da gidansa ba sai a kanmu.

A shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, ina aikin tafinta a wani ofishin gwamnati. Ina da shekara ashirin da bakwai, ina jin Hausa da Dagbanci da Turanci, da ɗan abin da ba a rasa ba na yaren Asante. Wata safiya aka kira ni aka ce ga baƙi sun zo ɗaukar fim na yadda mutanen arewa suka karɓi 'yancin kai, za a nuna a talabijin a ƙasarsu, in bi su kwana goma. Ban san mene ne talabijin ba. Sini na sani, wanda a Kano suke ce wa majigi, motar da ke zuwa fili ta haska bango.

Su biyu ne masu aikin. Darakta Bature ne dogo, ya haura hamsin, shi ke riƙe kyamara da kansa. Ya ce mini ya fara da ɗaukar masunta a ƙasarsu, ya ɗauki yaƙi, ya ɗauki manoman shinkafa a Indiya, daga wurinmu kuma wata ƙasar zai wuce. Gidansa akwatinsa. Na biyun mai ɗaukar sauti ne, Bafante daga bakin teku, sa'ana, mai yawan ba'a. Shi ya laƙa mini Kirachi, wato akawu a bakin mutanen kudu.

Yadda suke aiki shi ne tushen komai, don haka bari in faɗe shi. Kyamarar tana ƙara kamar keken ɗinki, ba a iya ɗaukar magana a kusa da ita. Saboda haka hoto daban ake ɗauka, murya daban. Darakta zai ɗauki fuskar mutum da hannuwansa da gidansa, ya gama ya rufe, sa'an nan Bafante ya kawo rikoda ya ɗauki magana. Can a ƙasarsu wani ne zai zauna ya ɗora muryar a kan hoton da ya ga ya dace. Tef kuma tsada gare shi, ƙidayayye suka zo da shi. Bafante ya ce mini, "Kirachi, ba muryarka muka zo ɗauka ba. Ka yi tambayarka, in ka gama ka sauke hannu, ni kuma in danna." Haka muka yi ta yi a kasuwa, da wurin masaƙa, da wurin makaɗa a Nyanshegu. Ina tambaya, ina sauke hannu, yana dannawa.

Ana saura kwana biyu su tafi, darakta ya ce yana son tsoho wanda ya ga jiya ya ga yau. Ni da bakina na ce ina da shi. Ina son in burge Bature, ina kuma son surukina ya ga mijin 'yarsa ba ƙaramin mutum ba ne.

Muka same shi a ƙofar gida a kan buzunsa. Darakta ya ɗauke shi yana ɓare goro, yana nuna arewa da sanda. Da aka zo magana, darakta ya ce in tambaye shi abin da ya fi canja masa rayuwa. Na san amsar, kowa a Aboabo ya san ta. Baba ya yi shekara ashirin yana madugu, da jakuna fiye da hamsin a bayansa, har manyan motoci suka zo suka kwashe goron cikin kwana biyu a hanyar da yake yi wata guda. Na durƙusa na ce, "Baba, baƙi suna so su ji, tun da mota ta shigo ƙasar nan, me ka gani?" Na sauke hannu. Bafante ya danna.

Baba ya gyara zama ya ce, "Tun da ya shigo ƙasan nan ba mu ga alheri ba. Ba ya gaida kowa. Ya na wucewa da ihu, ya na fesa ma talaka taɓo. Yara duk sun bi shi, suna gudu a bayansa suna tafi. Ya ci hanyan iyayenmu ya ƙoshi, mu muna yunwa. Ni dai ban bin shi. Allah ya karya ƙafansa."

Maƙwabta suka fashe da dariya, suka ce amin. Na juya na ce wa darakta tsohon yana zagin motocin kaya ne. Ya gyaɗa kai, amma idonsa na kan hasken da ke sauka a bango. Na ce zan rubuta masa fassarar duk abin da muka ɗauka. Ya ce kada in wahala, suna da Bahaushe a birninsu, malami ne daga Kano, Hausarsa tsantsa ce. Har na ji ɗan haushi. Suka tafi.

Damina ta zo ta wuce, an fara cin sabuwar doya. Ran nan ina fitowa ofis da azahar sai na ga Bafante tsaye ƙarƙashin darbejiya da jakarsa, bai ko wanke fuska daga hanya ba. Na ɗaga murya na ce, "Mai kifi, me ya dawo da kai ƙasar tuwo?" Bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe.

Ya ce, "Kirachi, an nuna fim ɗin can. Ɗalibanmu da ke karatu a wurin sun gani, sun rubuto Accra. An aiko da fim ɗin, na gan shi da idona."

"To me ya faru?"

"Tsohonka. Sun ɗora maganarsa a kan hoton Shugaba."

Ban gane ba sai da ya maimaita. Malamin Kano ya saurari tef, ya ji tsoho yana cewa ya shigo, ya ci, ya ƙoshi, ƙafansa. A Hausar Kano mota mace ce, "ta" ake ce mata. Wanda ake ce wa "ya" namiji ne. Ya fassara da gaskiyarsa, ya ce tsohon yana tsine wa wani mutum da ya shigo ƙasa yara ke bin sa suna tafi. Mai haɗa fim ya duba hotunan da ke gabansa, ya ga mutum ɗaya ne yara ke bi suna tafi a wannan shekara. Darakta kuwa a lokacin yana wata ƙasa yana ɗaukar wani abu.

Na ce, "Ai tambayata tana nan. Na ce mota."

Sai na tuna hannuna da nake saukewa.

Na zauna a kan saiwar bishiya. A waɗannan watanni an yi dokar da ta ba gwamnati ikon fitar da duk baƙon da ta ga zamansa ba alheri ba ne, ba tare da shari'a ba. Labari ya zo daga zangon Kumasi cewa an ɗauki manyan mutane an tsallakar da su iyaka. A Aboabo mutane sun daina hira a ƙofar masallaci, kowa yana tuna inda aka haifi ubansa. Baba ba shi da takarda ko guda. Shekara arba'in yana Tamale, matansa biyu a nan aka binne su, kuma ƙauyen da ya fito ko sunansa in ya faɗa babu wanda ya san shi. In an ajiye shi a bakin iyaka da sandarsa, ban san ko gabas zai yi ko yamma ba.

Bafante ya ce an turo shi ne da na'urar haskawa, jibi za a kira mu.

Na shiga gida na tarar da matata tana tankaɗe garin masara. Na faɗa mata a tsaye. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye rariya ta ce, "Malam, kai ka kawo su ƙofan gidanmu."

"Ni ne."

"To kai za ka gaya ma Baba."

Ban iya ba. Sau uku ina zuwa in durƙusa a gabansa in gaishe shi, in tashi ban faɗa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ta yaya zan buɗe baki in ce na jawo masa kora? Kwana biyun nan duk ƙarar keke da na ji a lungu sai in leƙa waje, domin 'yan sanda a kan keke suke kawo sammaci. A ofis kuma na lura abokan aikina sun fara amsa gaisuwata a taƙaice, na gane labari ya riga ni shiga.

Da ɗan sandan ya zo, Baba ya ɗauka hotonsa za a ba shi. Ya sa batakari, babbar rigarsa ta saƙi, ya shafa turare, ya ce wa maƙwabta gwamnati na kiransa. A hanya yana gaba ina biye, yana gaisawa da mata masu koko, yana amsa "naa, naa" irin ta Dagomba. Ya waigo ya ce, "Malam, ka na tafiya kaman wanda za a yi ma kaciya. Ɗaga ƙafa." Na ɗaga.

Ɗakin da aka kai mu an rufe tagoginsa da barguna, ga zafin hantsi. Mutum uku muka tarar. Bafante yana bayan na'urarsa, bai dube ni ba. Akwai wani tsohon saje, mutumin wajen Bolga, da Hausarsa ta bariki. Sai babban jami'in, ɗan kudu, bai fi ni da shekara biyar ba, ya yi karatu a waje, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ba ya jin Hausa. Ya ce da Turanci, ni in zauna can gefe, kada in buɗe baki sai an tambaye ni, yau saje ne tafinta.

Aka kunna. Kasuwar Aboabo ta fito a bango, sai masaƙa, sai fuskar Baba ta cika bangon yana ɓare goro.

"Ga ni can!" in ji Baba. "Saje, ka gani? Wallahi ni ne."

Sai muryarsa ta fito, kuma fuskarsa ta ɓace. Aka nuno sabuwar tuta tana hawa, aka nuno Shugaba a buɗaɗɗiyar mota yana ɗaga hannu, yara suna gudu a bayansa. Muryar Baba tana cewa ya ci ya ƙoshi mu muna yunwa, wata muryar Bature tana biye da ita da Turanci, da kalmar da suke kiran namiji da ita. Daidai wurin "Allah ya karya ƙafansa" Shugaba ya sauko daga mota ya taka ƙasa. Wanda ya haɗa fim ɗin gwani ne. Na yi shekaru daga baya ina zama kusa da masu wannan aiki, kaɗan na gani da suka kai shi iya daidaita murya da hoto. Ni da na san gaskiya sai da tsigar jikina ta tashi.

Aka kashe. Jami'in ya tambayi saje ko abin da Baturen ya faɗa shi tsohon ya faɗa. Saje ya ƙame ya ce shi ne, kalma da kalma. Jami'in ya ce to wane ne tsohon yake nufi? Saje ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ce 'ya'. A wurinmu 'ya' kowa ne. Matana ma 'ya' ne."

Jami'in ya juyo gare ni. Na tashi na yi bayani, muryata tana rawa. Na ce Hausa biyu ce, ta Kano da ta zango. Na ce mota na tambaye shi, kuma a Hausa tayar mota ƙafa ake ce mata. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ina kalmar mota a cikin tef ɗin?" Na ce ba ta shiga ba. Ya ce, "Tambayar taka fa?" Na ce ita ma ba ta shiga ba. Ya rubuta wani abu. Ƙarar alƙalaminsa a kan takarda har yau ina jin ta.

Ya ce wa saje ya tambayi tsohon kai tsaye.

Saje ya sunkuya ya ce, "Baba, wa ka ke zagi a nan?"

"Wa kuma? Shi mana."

"Shi wa?"

"Shi wanda ya lalata ƙasa. Kai ba ka gan shi ba a hoton? Ga shi can yara suna bin shi."

Na ji fitsari ya taho mini. Motar da Shugaba ke ciki Baba yake nufi, ita kaɗai ya gani a hoton, ina da yaƙinin bai ma lura da mutumin da ke tsaye a cikinta ba. Saje ya fassara, domin aikinsa ke nan. Alƙalamin ya ci gaba da tafiya. Na buɗe baki, jami'in ya ɗaga mini yatsa ɗaya ba tare da ya dube ni ba.

Baba kuwa ya samu masu sauraro. Ya ce, "Har gobe ina zaginsa. Ku gwamnati ku ne ku ka ɗaure masa gindi, kuna gyara masa hanya. Jiya jiya ya kashe akuyan maƙwabcina, ko tsayawa bai yi ba."

Saje bai fassara wannan nan take ba. Ya share gumi, ya matso kusa, ya ce a hankali, "Baba, don Allah don Annabi, faɗi sunansa."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Kai Saje, da girmanka da igiyanka uku, ba ka san mota ba? A kan jaki ka zo daga Bolga?"

Kalmar mota ba ta bukatar tafinta. Jami'in ya ajiye alƙalami. Na ga gefen bakinsa ya motsa, ya sa hannu ya rufe. Bafante ya saki numfashi har na ji shi daga inda nake. Na ɗauka an gama.

Aka ce saje ya fita da Baba ya ba shi ruwa. Da ƙofa ta rufu, jami'in ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Na yarda da kai. Kakata ma haka take zagin jirgin ƙasa." Ya ɗaga wata takarda mai hatimi. "Amma wannan ba ta tambaye ni nahawun Hausa ba. An zagi Shugaba a gaban duniya, an ce in aiko da sunan wanda ya yi. In na rubuta cewa tsoho ya tsine wa lori ne, za su ce surukinsa ya kwana biyu yana koya masa abin da zai faɗa. Za su ce ni ma an saye ni. Sai su turo wani ya zauna a kujerar nan, shi kuma ba zai kawo saje ba."

Na ce darakta zai iya ba da shaida. Ya ce an rubuta wa kamfaninsu, sun amsa cewa yana wani daji ba a san ranar fitowarsa ba, kuma sun dogara da fassarar ƙwararre.

Ya ce hanya biyu ce. Ko a rubuta cewa tsohon ne ya zagi Shugaba, a fitar da shi cikin mako. Ko kuwa tafintan gwamnati da aka ba baƙi ya ba su fassarar ƙarya, tsohon bai san komai ba. "Kai a nan aka haife ka, ba inda za a kora ka. Aikinka zai tafi. Abin da zai biyo bayan wannan ban sani ba, ba zan yi maka alkawarin da ba ni da iko a kansa ba."

Na san abin da yake nufi. An fara raɗe-raɗin za a riƙa tsare mutane ba tare da an kai su gaban alƙali ba.

Bafante ya taso ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne ban danna ba. Laifin na'ura ne da ni."

Jami'in ya ce, "Sunanka ba ya cikin takardar nan. Kada ka sa shi."

Ina so in ce na yi jarumtaka, amma ba haka aka yi ba. Na tsaya ina lissafin ko akwai hanya ta uku. Na yi tunanin in ce a ba ni kwana ɗaya. Har na yi tunanin cewa Baba tsoho ne, ya saba da hanya, wataƙila zai sami danginsa, kuma wannan tunani ya daɗe a kaina fiye da yadda nake so in tuna. Ta bayan bargo ina jin muryarsa a baranda yana ba saje labarin yadda ake tsallakar da jaki a kogi. Jami'in ya rubuta layi huɗu da hannunsa ya turo mini. Na karanta sau biyu ban fahimci komai ba, haruffan suna iyo. Na sa hannu. Sa hannun ya karkace har ya ce in sake a ƙasa.

A hanyar gida Baba ya yi ta faɗa. Ba a ba shi hotonsa ba, kuma na ba shi kunya. "Mutum ya na tambayanka, ka na rawa kaman ɗan tsako a ruwa. Kai da ka iya Turanci! Ni da ban iya ba, ba ka ga yadda na yi masa ba?" Na ce, "Na gani, Baba. A yi haƙuri."

Bayan mako biyu aka sallame ni. Daga nan na shiga jira. Na haɗa 'yar jaka da riga biyu da Alƙur'ani na rataye bayan ƙofa, don in an zo kada in tsaya nema. Na daina zuwa kasuwa ta babbar hanya. Wani ɗan uwan mahaifiyata yana da gona wajen Gurugu, lokacin duk daji ne, can nake wuni ina noman da ban iya ba, in na hango mai kaki daga nesa sai in tsuguna cikin dawa. Babu ofishin da zai ɗauke ni, babu kantin Bature ko na Balarabe Kwara da zai so a gan ni a ƙofarsa. Matata ta koma soya ƙosai. Ba ta sake cewa ni na kawo su ba, ba ta kuma ce na kyauta ba. Wata goma sha ɗaya muka yi a haka. Ba wanda ya zo. Har yau ban san ko takardar ta isa inda aka aika ta ba, ko jami'in ya sa ta ƙarƙashin wasu ya bar ta.

Bafante ne ya fitar da ni. Ya aiko cewa wasu masu fim za su bi ƙasashen Faransawa da ke shirin karɓar nasu 'yancin, suna neman mai Hausa, ba su damu da takardar sallama ba. Na bi su wata uku, wata ukun ya zama shekara talatin da wani abu. Na riƙe makirfo, na koyi Faransanci da Larabcin kasuwa, daga baya na ɗauki finafinai nawa na kaina, gidajen talabijin na ƙasashe da dama suka nuna. An san ni da taurin kai a kan abu ɗaya: ba a danna rikoda bayan tambaya, kafin tambaya ake dannawa, ko tef ɗin na zinariya ne. Matasa suna ɗauka tsufa ne.

Na haɗu da malamin Kano sau ɗaya, a wata walimar suna a birnin da yake zaune, gashinsa ya yi fari. Mutumin kirki ne mai sanyin murya. Na ba shi labari ban ce ni ne ba. Ya tuna fim ɗin. Ya ce, "Amma ai 'ya' ya ce." Na ce haka ne, 'ya' ya ce. Ya ce, "Subhanallahi. Me ya sami tsohon?" Na ce babu abin da ya same shi. Ya ce alhamdu lillahi, ya miƙo mini farantin nama.

Baba ya ƙara shekara goma sha huɗu a Aboabo. Duk zuwan da na yi gida sai na tarar labarin ya ƙara girma. Gwamnati ta kira shi, ta rufe tagogi don kada talakawa su ji, ya gaya mata gaskiya ido da ido, babban jami'i ya rasa amsa har ya rufe baki da hannu. A ƙarshen labarin kullum akwai surukinsa mai Turanci da ya kusa yin fitsari a wando, wanda daga baya ma aka kore shi daga aiki saboda tsoro. Jama'a su yi dariya, su dube ni, in ce haka aka yi.

Ya rasu ina wata ƙasa, wasiƙar ta yi wata biyu tana bina daga otal zuwa otal. Matata ce ta sa aka rubuta. Ta ce an binne shi a Tamale kusa da mahaifiyarta, mutane sun cika har titi. A ƙasa ta sa an ƙara layi ɗaya, ta ce ba ta gaya masa abin da na sa wa hannu ba, kamar yadda na roƙa.